Ɗan kasuwar Dakwaro da kalandarsa ukku



Duk wanda ya tambayi ƙaramin ɗan kasuwa a ƙasar nan abin da ke damunsa, amsa guda zai samu: rashin jari. Mai tebur jari yake nema, mai kanti jari yake nema, mai turkar raguna ma haka. Ba mu musa ba, kuɗi sun yi wuya, bankuna kuma ba su cika sanin hanyar ƙauye ba. To amma akwai tambayar da ba a faye yi ba: wanda ya samu jarin bara, ina yake bana? A kowane gari an san mutanen da suka dawo daga ci-rani da ƴan kuɗinsu, ko suka sayar da bijimi, suka buɗe kanti da murna, amma kafin damina biyu sai ga kwaɗo a ƙofa, alhali ɓarawo bai shiga ba, gobara ba ta tashi ba. Sun sayi kaya ranar da ya kamata su sayar, sun sayar ranar da ya kamata su riƙe, sun ba da bashi ba su sa masa rana ba. Rashin sanin lokaci ne ya cinye su.

A wannan mako za mu duba zancen ne daga Dakwaro, domin wuri ne da lokaci ke da tsada ƙwarai. Garin yana wajen kilomita 120 arewa da Maraɗi, daidai inda ƙasar noma ke haɗuwa da ƙasar kiwo. Tun watan Mayu na 1961 dokar ƙasa ta shata iyakar noma ta arewa, kuma a wannan yanki kwarin Tarka ne mutane suka sani a matsayin alamar iyakar. Kudu gero da wake, arewa shanu da raƙuma da tumaki. Kasuwannin Dakwaro, Sakkabal, Kornaka, Sabon Mashi, Ajekoriya da Bermo suna rayuwa ne da musayar da ke tsakanin manomi da makiyayi. Ɗan kasuwar da ke zaune a tsakiyarsu kalanda ukku ke mulkinsa, ko ya sani ko bai sani ba: ta ruwan sama, ta wata, da ta ranakun kasuwa.

KALANDAR RUWAN SAMA

Daminar Dakwaro gajera ce, wata ukku ne ko ƙasa da haka, ruwan kuma wajen milimita 300 zuwa 400 a mafi yawan shekaru. Daga wannan ƴar damina ne kuɗin shekara duka ke fitowa. Da kaka, cikin Oktoba da Nuwamba, hatsi na araha domin kowa na sayarwa a lokaci guda: ga lanho, ga bashin damina, ga auren da aka ɗage sai an yi girbi. Dabbobi kuma sun ƙoshi, suna da daraja. Daga nan ma'auni yakan fara juyawa a hankali. Kafin Mayu da Yuni tiyar gero ta hau, ciyawa ta ƙare, dabba ta rame, makiyayi ya koma sayar da akuya biyu don abin da akuya guda ke saya masa da kaka. Cikin Yuli da Agusta rumbuna sun yi ƙasa, ciniki ya mutu, sai masu neman bashi ke cika ƙofar kanti.

Wannan juyi ba sabon abu ba ne, kakanninmu sun san shi, kowace shekara haka yake zuwa. Abin mamaki shi ne yadda yake samun mai kanti kamar baƙon da bai aiko ba. Za ka ga mutum ya cika kantinsa da atamfa da takalma cikin watan Yuni, lokacin da jama'a ke neman iri da hauya da tiyar gero. Za ka ga wani ya tuna da kaye da bik bayan an koma lakwal da sati biyu, alhali kowa ya san komawar farkon Oktoba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan kaka tun cikin Agusta ake shirinsu, kayan damina tun cikin Afrilu, lokacin da ƴan ci-rani ke shirin dawowa gida da abin da suka samo.

Ban da shekara ta yau da kullum, akwai muguwar shekara, ita ma tana da alamominta. Yunwar 2005 ta biyo bayan ƙarancin ruwa da fara na daminar 2004. Tun da kaka masu ido suka gan ta, amma sai tsakiyar 2005 farashin gero ya kai inda talaka ba ya iya taɓa shi. Haka masifar 2010 ta biyo bayan daminar 2009 da ba ta bar ciyawa ba. A arewacin Dakwaro, wajen Gadabeji da Bermo, dabbobi suka yi ta faɗuwa, waɗanda suka rage kuma ruwan farko mai ƙarfi ya ƙarasa da yawa daga cikinsu saboda rama. Wanda ya rage garkensa cikin Nuwamba ya sayi hatsi ya adana, ya fita da sauran ƙarfinsa. Wanda ya jira Yuni ya ba da saniya a kuɗin da bai kai na tunkiya ba. Tsakanin alama da masifa akwai wata shidda ko bakwai, kuma a cikin waɗannan watanni ne ake tsira ko a halaka. Saboda haka aikin farko na ɗan kasuwar wannan yanki, da zarar Satumba ta ƙare, shi ne ya bincika yadda damina ta kasance: ya tambayi manoman kudu halin rumbu, ya tambayi makiyayan arewa halin ciyawa da tafkuna, sannan ya yanke abin da zai saya da abin da zai rabu da shi.

KALANDAR WATA

Kalanda ta biyu ita ce ta azumi da salla. Shekarar wata ta gaza shekarar rana da kwana goma ko sha ɗaya, don haka Layya takan ja da baya kowace shekara, sai bayan kimanin shekara 33 take komawa inda ta tashi. A 2010 tsakiyar Nuwamba aka yi ta, ana cikin kaka. A 2017 farkon Satumba, ciyawa na kore. A 2025 ta zo farkon Yuni, ta 2026 ƙarshen Mayu, ta 2030 kuma cikin Afrilu za ta faɗo in Allah ya kai mu. Ma'ana, Layyar waɗannan shekaru cikin bazara take, lokacin da abincin dabba ya fi tsada a duk shekara. Wanda ya koyi turka a zamanin da salla ke zuwa da kaka, in bai sake lissafi ba, zai yi wa mai sayar da dusa aiki ne.

Bari mu ɗauki misali, kowa ya sa nasa farashin a wurin namu. A ce mutum ya sayi rago jika 50, ya turke shi kwana 90. In harawa da dusa yake saya kullum a kasuwa da bazara, a ce tamma 400 a yini, abinci kawai ya ci jika 36. A ƙara jika 2 na magani, jika 3 na mota da la'adar dillali da harajin kasuwa. Rago ya tsaya masa jika 91. In ya sayar jika 100, ribarsa jika 9, wato dala ashirin a yini, ban da wahalar ɗibar ruwa da fargabar ciwo. To a ce shi wannan mutum ya tara harawarsa tun Nuwamba, ya ɗora bisa rumfa, ya sayi dusa tun tana araha, abincin yini ya tsaya masa tamma 250. Kwana 90 sun zama jika 22 da rabi. Ribarsa ta tashi daga jika 9 zuwa jika 22 da rabi, da rago guda, a kasuwa guda, a farashi guda. Bambancin duka an yi shi ne wata shidda kafin salla, ranar da ya yanke shawarar tara harawa.

Haka zancen yake ga tela da mai sukari da mai ƙanƙara. Azumi ya baro tsananin zafi yana shiga ƙarshen sanyi. Na 2025 cikin Maris aka yi shi. Wanda ya saba cin ribar ƙanƙara da azumi ya kamata ya san cinikinsa zai ragu shekara bayan shekara, ya nemi abin da zai haɗa da shi. Tela kuma da ke karɓar ɗinki har daren salla, ya cika alkawarin mutum goma ya saɓa wa ashirin, ya san cewa ashirin ɗin nan ba za su dawo baɗi ba. Ya ƙidaya riguna nawa yake iya ɗinkawa a yini, ya ninka da kwanakin da suka rage, ya cire ranakun da kuran ke ɗaukewa, in lissafi ya cika ya rufe karɓa. Faɗin «ba zan iya ba» tun da wuri ya fi ɓuya a bayan kanti ranar idi.

KALANDAR KASUWA

Ta ukku ita ce ta mako. Kowace kasuwa da ranarta, kuma ƴan kasuwa da yawa suna bin su ɗaya bayan ɗaya kamar farilla, ba tare da sun taɓa tambayar kansu wace ce ke ciyar da su, wace ce ke cin su ba. Gwaji mai sauƙi ne: wata guda cur, mutum ya rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu a kowace kasuwa, har da kuɗin mota da na abinci. Sau da yawa zai tarar kasuwa biyu ne ke ɗauke da sauran, wata kuma don gaisawa da abokai kawai yake zuwanta.

Tafiya Maraɗi sarin kaya ma tana son irin wannan lissafi. Kwaltar da aka shimfiɗa daga Tibiri zuwa Dakwaro ta rage wahala, amma ba ta sa tafiya ta zama kyauta ba. A ce zuwa da dawowa da abinci da dako sun ci jika 6, kayan da aka saro na jika 60 ne, ribarsu kashi goma cikin ɗari. Riba jika 6, tafiya jika 6, kanti kuma ya yini a rufe. Gara masu kanti huɗu su haɗa jerin kayansu, mutum guda ya tafi, ko a aika kuɗi ta Nita ko Al Izza, amintaccen direba ya ɗauko kayan. Wayar salula ma jari ce ga wanda ya san amfaninta. Wata malamar jami'a ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa shigowar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ƴan kasuwa sun daina tafiya a makance. Kira na dala ashirin kafin a ɗora buhu bisa kaminyo yakan ceci jika goma. Ma'aikatun da ke bin farashin hatsi da na dabbobi, SIMA da SIM-Bétail, su ma suna tattara farashin kasuwanni, kuma sanin abin da suka fitar ba ya cin ko tamma.

YININ MAI KANTI

In an sauko daga shekara da mako, sai yini. A nan ne maganar ke da ɗaci, domin ta taɓa zumunci. Yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi gaisuwar rasuwa a ƙauye, ga fada da shayinta mai hawa ukku. Babu mai hankalin da zai ce a yar da zumunci saboda ciniki; a ƙasarmu mutane su ne dukiyar farko, kuma wanda bai je na kowa ba, ranar tasa zai ga wayam. Amma zuwa suna bai wajabta rufe kanti ba. Abin da ke sa a rufe shi ne maigida ya riƙe komai a kansa: shi kaɗai ya san farashi, shi kaɗai ya san masu bashi, mabuɗi kuma na aljihunsa. Da ya rubuta farashin kaya, ya koya wa ƙanensa ko yaronsa, ya ƙidaya kaya da safe ya ƙidaya da dare, da ya je sunansa ya dawo ya tarar da ciniki.

Kaye guda na dala talatin ko arba'in ya isa. Shafi ɗaya na abin da ya shigo, ɗaya na abin da ya fita, ɗaya na bashi. Minti goma sha biyar bayan sallar lisha sun wadatar. Wanda bai yi lakwal ba ya rubuta da ajami, wanda ba ya da ko ɗaya ya sa ɗansa ɗan lakwal ya rubuta masa. Cikin shafin fita, lalle a sa kuɗin cefane da sukarin da aka ɗiba aka kai gida, domin kanti da yawa tukunyar gida ce ta cinye su cokali-cokali, maigida na zargin masu hassada. Ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka kowane mako, ya tsaya a kansa.

Bashi kuwa hanji ne, yana cikin kowa, kuma mai kanti a Dakwaro ba zai iya hana shi da damina ba. Abin da zai iya shi ne ya sa masa iyaka da rana: kaza ne iyakar abin da zan bayar bana, kuma kowane bashi da ranar kasuwar da za a biya shi, ko makon da za a kawo wake in an yi girbi. Wanda ke jin kunyar rubuta bashin ɗan'uwa ya tuna cewa aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani mai girma, a surar Baƙara, kan rubuta bashi da sa masa ajali ta sauka.

ABIN DA BA YA CIKIN KALANDA

Akwai kuma abin da ke faɗowa ba sallama. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi. Cikin Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta. An buɗe wasu a Disamba 2020, amma ƙofar Jibiya, wadda ita ce ta mutanen Maraɗi, sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa har Maris 2024. A haɗa duka, cikin ƙasa da shekara biyar wannan ƙofa ta yi sama da shekara ukku a rufe a hukumance. A 2023 ɗin dai Najeriya ta janye tallafin esansi, ta saki naira ta faɗi, wanda ya kai dabbobi ya bar kuɗinsa bashi da naira ya karɓo abin da bai kai jarinsa ba. A cikin gida, gwamnati ta hana fitar da hatsi a Oktoba 2024, ban da zuwa Mali da Burkina Faso, ta kuma hana fitar da dabbobi a Mayu 2025, saura ƴan makonni Layya.

Babu wanda zai iya sanin ranar irin waɗannan, amma kowa ya isa ya san za su sake zuwa. Rigakafinsu ukku ne. Kada mutum ya dogara da kasuwa guda: mai kai raguna Jibiya ya san wani a Yamai ko Agadas tun kafin ya buƙace shi. Kada ya bar kuɗinsa su kwana cikin naira; ya juya su kaya ko sefa tun yana can. Kuma ya ware wani abu da ba a taɓawa, ko da ushirin riba ne, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya. Alhazan Maraɗi, waɗanda Bafaranshen nan Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, da gyaɗa yawancinsu suka tashi. Da fari da cuta suka kashe gyaɗa cikin shekarun 1970, waɗanda suka tsira su ne waɗanda suka riga suka sa ƙafa cikin sufuri da fataucin kaya zuwa Najeriya. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

A nan muna da magana ga hukuma. Kare cikin talaka daga tsada haƙƙinta ne, ba mu ja da wannan. Amma mai turka wata shidda yake shiri, wani ma da kuɗin aro. Matakin da za a ɗauka kan dabbobin Layya, in an sanar da shi tun da kaka, kowa zai san ragon da zai saya da kasuwar da zai nufa. In aka bari sai ƙurewar lokaci, babban ɗan kasuwa na da inda zai jingina, ƙaramin ne ke kwana ciki.

Masu cewa duk wannan sai mai kuɗi, su dubi matan jihar nan. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi: zubi kaɗan kowane mako, rana sananniya, akwati mai kwaɗo, rance mai ajali, rabo a ƙarshen zagaye. Tsarin da matan ƙauyukanmu suka raina yau ana koyi da shi a ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya, kuma ƙarfinsa duka cika rana ne. Haka jinginar amfanin gona da ake kira warantaj, wadda ta bazu a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 da taimakon FAO: a ajiye hatsi a mangaza mai kwaɗo biyu da kaka, a karɓi rance a yi sana'ar rani, a biya a fitar da hatsin lokacin da ya yi daraja. Tana da haɗarinta, domin akwai shekarun da farashi ba ya hawa yadda aka zata, kuma ajiya don tsare gumin manomi daban take da ɓoye abinci don a ƙuntata wa jama'a. Amma ta nuna cewa wata biyar na haƙuri kuɗi ne.

Wasu za su ce arziki na Allah ne, lissafin gobe shisshigi ne. Arziki na Allah ne, babu shakka. Sai dai manomin da ya fi kowa tawakkali ma yana ware iri tun da kaka, ba ya cinye shi ya ce damina ta kawo nata. Abin da muke roƙon ɗan kasuwa ke nan, ya yi wa kantinsa abin da yake yi wa gonarsa. Cikin wannan mako ya samu takarda guda, ya ja layi goma sha biyu, kowane wata da layinsa. Ya sa azumi da salla biyu inda za su faɗo, ya sa komawar lakwal, da girbi, da ranar sakin gonaki, da dawowar ƴan ci-rani, da lokacin fatanti. Gaban kowane ɗaya ya rubuta abin da zai sayar, sannan ya koma baya wata biyu ko ukku ya rubuta ranar da zai saye shi da inda kuɗin za su fito. Ya manna takardar a bango inda idonsa zai riƙa faɗawa kanta kowace safiya.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba zancen dillalai da la'ada a kasuwannin dabbobi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa nema albarka. Mu kwana nan.